MUTUM GOMA SHA BIYU DA ALJIHUN TALAKA

Ya ku 'yan'uwa talakawa, manoma, 'yan kasuwa da ma'aikata!

Kusan bayan kowane wata biyu, mutum goma sha biyu sukan shiga ɗaki a Babban Bankin Nijeriya da ke Abuja, su yi kwana biyu suna shawara. In sun fito, gwamnan banki ya karanta sanarwa da Turanci. Daga wannan ɗaki ake yanka kuɗin ruwan da bankuna za su bi wajen ba da rance. Sunansu Kwamitin Tsara Manufofin Kuɗi. Ba ku zaɓe su ba, amma hukuncinsu yana cikin kwanon awonku.

SU WA KE ZAUNE A CIKI?

Dokar Babban Banki an sake ta a 2007, kuma ita ta tsara kujerun. Gwamna ne shugaba, ga mataimakansa huɗu. Mutum biyu daga hukumar daraktocin bankin. Uku Shugaban Ƙasa ke naɗawa, biyu kuma gwamna ke naɗawa. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, a jefa ƙuri'a, rinjaye ya ɗauka.

A takarda abin gwanin sha'awa. To amma ku ƙidaya da yatsu. Gwamna da mataimakansa, Shugaban Ƙasa ne ya kawo su. Daraktocin nan biyu, gwamnati ce ta kai su can. Biyun ƙarshe, gwamna ne ya ɗauko su. Yo wa ya rage? Gwamna da mataimakansa da mutanensa biyu, bakwai ke nan cikin sha biyu. Wannan shawara ce, ko kuwa liman ya yi sallama mamu su amsa? Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

ABIN DA SUKA YANKE

A farkon 2022 kuɗin ruwan yana kashi 11.5 cikin ɗari. Zuwa Yuli 2023 ya kai 18.75. A zama ɗaya tak, cikin Fabrairu 2024, suka ɗaga shi zuwa 22.75, kafin shekarar ta ƙare ya kai 27.5. Wai don a karya tsadar kaya. Amma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8.

Hujjarsu ita ce, in rance ya yi tsada, kuɗi zai ragu a hannun mutane, farashi ya sauko. To wane kuɗi ne ya yi yawa a hannun manomin da 'yan bindiga suka hana shiga gona? Gero ya yi tsada a Dawanau don noma ya ragu, an janye tallafin mai a 2023, Naira kuma ta faɗi. Ƙarin kuɗin ruwa ba ya tsare hanyar Birnin Gwari. Abin da ya yi shi ne hana mai injin niƙa da mai ƙaramar masaƙa cin bashi.

MANYAN SHAWARWARI A BAYAN FAGE

Ga inda gizo ke saƙa. Doka ta 2007 ta ce rancen gaggawa da Babban Banki zai ba Gwamnatin Tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na bara. Aka yi ta zuƙa har ya kai Naira tiriliyan 22.7, Majalisar Dattijai ta mai da shi bashi mai dogon wa'adi a Mayu 2023. Tun 2017 wani ɗan kwamitin, Dakta Doyin Salami, ya yi gargaɗi a rubuce kan wannan rance. Wa ya saurare shi? Hannun dama na ƙara kuɗin ruwa, hannun hagu na zuba wa gwamnati kuɗi.

Sai canjin kuɗi na Oktoba 2022. Ministar Kuɗi ta lokacin, Zainab Ahmed, da bakinta ta ce ba a shawarci ma'aikatarta ba. Kun tuna layin banki, kun tuna yadda aka sayi Naira da Naira, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a Maris 2023.

Kai, wani lokaci ma zaman ba ya yiwuwa. A Janairu 2018 kwamitin bai zauna ba, don Majalisar Dattijai ta ƙi tantance sababbin wakilai. Daga Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024 ma babu zama, alhali Naira na ta gangarawa.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba mu ce ɗan siyasa ya riƙa yanka kuɗin ruwa ba. Wannan ai ba wa kura ajiyar nama ne. A Ingila kwamitinsu mutum tara ne, huɗu daga wajen banki, kuma sukan bayyana gaban majalisa su kare ƙuri'arsu. A 2005 har gwamna Mervyn King aka kayar a ƙuri'a, sama kuwa ba ta faɗo ba. Don haka:

Na ɗaya, a gyara doka, 'yan waje su fi 'yan gida yawa, a soke kujerun da gwamna ke cikewa da kansa.

Na biyu, kowane wakili ya zo gaban Majalisar Tarayya ya bayyana dalilin ƙuri'arsa.

Na uku, duk rancen da za a ba gwamnati, da duk canjin kuɗi, a kawo shi gaban kwamiti a fili.

Na huɗu, a fassara sanarwar da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a karanta a rediyo.

Jama'a, wanda ke naɗa su da masu tantance gwamna, da ƙuri'arku suke hawa. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka, ka tambaye shi: malam, za ka gyara dokar Babban Banki ko a'a? In ya hau kame-kame, ka san inda ba za ka dangwala ba.

Ranar zaɓe a fito da sassafe, a jefa, a tsare, a raka!