Fararen Hanyoyin Tuskani

Yau hirarmu ta kai mu Tuskani a ƙasar Italiya, inda fararen hanyoyin tsakuwa suke ratsa tuddai da gonakin zaitun. Da aka soma shafe su da kwalta, sai waɗansu mutanen garin Gayole suka tashi tsaye. A 1997 suka shirya hawan tsofaffin kekuna a kansu, mutum 92 suka fito. Yanzu dubbai ke zuwa kowace shekara, doguwar hanyar kuwa kilomita 209 ce. Tun 2015 mata ma suna tseren keke a hanyoyin nan, su ƙare a birnin Siyena. To, ku duba. Abin da mai shi ya raina, wa zai daraja masa? Sai mako mai zuwa.