Tilawa ta riga kwamfuta

'Yan uwa ɗalibai, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 ake ta ja-in-ja a jami'o'inmu: a hana ko a ƙyale? Ni dai ina ganin tsarin darasin ya kamata a duba. Aikin gidan da waya za ta gama cikin minti biyu, me yake aunawa?

Dubi yadda muke karatu. A tara handawut har sati ɗaya kafin jarabawa, sannan a kwana a aji ana haddacewa. Ku zaga ɗakunan ɗalibai a Anguwan Rukuba ko Naraguta lokacin jarabawa, cikin sanyin Jos ɗin nan, kowa ido ja. Bayan wata guda ka tambayi mutum, wallahi sai kame-kame.

Masana sun daɗe da gano dalili. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon koyo, kuma bita a rarrabe ce ke rage ta. A 2006 Roediger da Karpicke a Amurka suka gwada: ɗaliban da suka rufe takarda suka tuno abin da ka sun fi masu maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda.

To wannan ai tilawa ce. A makarantar allo yaro ba ya wanke allo sai ya biya wa malam da ka, kuma kullum ana komawa baya. Abin da manhajoji irin su Anki ke yi ke nan, su dawo maka da tambaya kafin ka manta.

Na san wani zai ce hadda daban, fahimta daban. Haka ne. Shi ya sa nake roƙon malamanmu abu biyu: gajeren gwaji kowane mako, ko ta WhatsApp ne, da minti biyar da ɗalibi zai kare aikinsa da bakinsa. Wanda na'ura ta rubuta wa, nan take za a gane. Kuma a tuna da marasa kuɗin data da masu fama da rashin wuta, a sa gwajin da ƙaramar waya za ta iya buɗewa.

Mu kuma, kada mu jira. Daren yau rufe littafin, ka tambayi kanka abin da aka koyar jiya. Gobe wasunmu ne za su tsaya gaban allo. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.