Mun Zagaya Lekki, Mun Dawo Da Hotuna Kawai



Kwanakin baya wani taro ya kai mu Legas, mu kaɗan daga ƙungiya. Da aka tashi, sai muka yi karo-karo muka ɗauki shatar mota, muka ware yini guda don zagaya Lekki, zirin ƙasar nan da tafkin Legas ya tokare ta arewa, tekun Atlantika ta kudu. Da safe muka shiga Lekki Conservation Centre, muka hau gadar da aka rataya a saman bishiyoyi, mai tsawon mita 401. Wanda ya fi kowa cika baki a mota shi ya fara salati da ta soma lilo. Daga nan muka sha cunkoson Ajah, muka sauka bakin teku a Eleko, muka ƙarasa gaba muka hango matatar Ɗangote, muka juyo.

Wayoyinmu sun cika da hotuna. Har yau babu wanda ya rubuta ko shafi ɗaya a cikinmu, kuma wannan abin kunya ne.

Mu ne fa muke kai jarumanmu Dubai cin amarci, mu ce "suka tsaya bakin ruwa, iska mai daɗi tana kaɗawa," shi ke nan. To, ga teku mun taka da ƙafarmu. Iskar ashe danshi gare ta, tana barin gishiri a leɓe, tana ɗauke da ƙarnin kifi. In igiyar ruwa ta koma, yashi na zamewa ƙarƙashin tafin ƙafa kamar ana janye maka tabarma. Mai karatu a Gumel da bai taɓa gani ba, wa zai gaya masa wannan in ba mu ba?

Wani a cikinmu ya ce Hausa ba ta da kalmomin teku. Ba mu yarda ba. Abubakar Imam ya tafi Ingila a jirgin ruwa a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Da Hausar nan tamu suka yi.

Wata kuma ta ce yini ɗaya bai isa a san wuri ba. Ta yi gaskiya, amma ya isa a saurari mutum ɗaya. A Eleko mun haɗu da mai hayar doki, Basakkwace, ya daɗe a nan. Muna cikin ciniki ya nuna mana inda ruwa ke fashewa, ya ce a can rumfarsa take a da, teku ya cinye wurin. Muka ce "Allah sarki," muka roƙe shi ya matsa gefe don dokin ya fito sosai a hoto. Ko sunansa ba mu tambaya ba.