Tabilet mai tsada ko matsakaici: wanne zai jure kasuwannin Bangi da Madawa?

Duk wanda ke bin kasuwannin jihar Tawa a 'yan shekarun nan, tun daga Bangi da Madawa har zuwa Buza da Keita, ya san cewa ciniki ya sake kama. Dillalin albasa ba ya jiran mai saye ya taso daga Akara ko Kumasi kafin a yi magana. Hoton buhu ake ɗauka a tura, a bi shi da saƙon murya, a daidaita, sannan kuɗi su biyo ta kamfanonin aike irin su Nita da Amana. Haka ma matan da ke sayar da atamfa da leshi da turare daga cikin ɗakunansu, WhatsApp ya zama musu rumfa. To da yake fuskar salula ƙarama ce, ga kuma ido na gajiya, sai wasu suka fara karkata ga babban wanta, wato kwamfutar hannun nan mai kama da allo da ake kira tabilet, domin a nuna wa mai saye zanen atamfa sosai, a rubuta bashi, da dare kuma yara su yi karatu da shi.

Daga nan ne gardama ta taso. Wasu na cewa araha ba ta ado, gara mutum ya ɗaure ya sayi babba na gaske, irin su iPad Pro na kamfanin Apple ko Galaxy Tab S na Samsung, ya huta har shekara bakwai. Wasu kuma na cewa matsakaici ya isa. Mu dai a namu ganin, ga mafi yawan 'yan kasuwarmu maza da mata, matsakaici na sanannen kamfani, mai shiga layi, shi ne daidai. Ba don mai tsadar ba shi da kyau ba, a'a, sai don abubuwan da ke kashe na'ura a wannan ƙasa tamu ba su tambayar nawa aka saye ta.

Mu fara da kuɗin. A shekarar 2024 Apple ya sa wa iPad Pro mai inci 11 farashin dalar Amurka 999 a can ƙasarsu, kuma dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba. Idan muka ƙiyasta kowace dala a sefa 600 don sauƙin lissafi, kuɗin ya doshi jika 600, tun kafin a sa kuɗin jirgi da na duwan da ribar mai shago. Shi kuwa Galaxy Tab A9+ da Samsung ya fitar a ƙarshen 2023, wajen dala 220 aka sa masa, wato kimanin jika 130. A tsakiyarsu akwai irin su Galaxy Tab S9 FE da ya fito a kan dala 450, da ƙaramin iPad na 2025 a kan dala 349. Domin a gane nauyin abin, mafi ƙarancin albashi a Nijar tun daga watan Janairun 2024 jika 42 ne a wata. Ke nan babban tabilet ɗin ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na fiye da wata 14.

Amma ɗan kasuwa ba da albashi yake auna abu ba, da jari yake aunawa. Tazarar da ke tsakanin babban da matsakaicin ta haura jika 400, kuma kowa a Arewa ta Madawa ko Tamaske ya san abin da jika 400 za ta yi a watan Maris ko Afrilu, lokacin da albasa ta cika kasuwa, manomi na neman wanda zai karɓa. Wanda ya saya a lokacin ya zuba a rudu, ya yi haƙuri har damina ta ja, in Allah ya kiyaye shi daga ruɓa, farashi kan ninka masa, wata shekarar ma ya wuce haka. Ita kuwa na'ura, ranar da aka yage ledarta ranar ta fara faɗuwa. Jarin da ke rudu yana haihuwa, wanda ke cikin jaka kuwa tsufa yake yi. Saboda haka tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ita ce: wane ciniki ne babban zai kawo mini wanda matsakaicin ba zai kawo ba? Idan aikin bai wuce WhatsApp da hoto da kiran bidiyo da lissafin shago ba, amsar ita ce babu.

To sai dai dole a faɗi gaskiya, masu goyon bayan mai tsada suna da hujja guda mai ƙarfi, wato maganar sabunta manhaja. Na'ura na iya kasancewa lafiya lau a jiki amma ta zama matacciya a aiki, idan kamfanin da ya ƙera ta ya daina aiko mata da sabuntawa, manhajojin da ake ciniki da su kuma suka juya mata baya. An ga haka a watan Oktoban 2023, lokacin da WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da ba su kai Android 5 ba, an kuma sake gani a 2025 da ya ajiye tsofaffin iPhone da ba su kai iOS 15.1 ba. Manhajojin banki da na aiken kuɗi su ma sukan bi wannan hanya. A da, manyan na'urori ne kaɗai ake yi wa alkawarin shekaru masu yawa; alal misali Samsung ya yi wa Galaxy Tab S10 na 2024 alkawarin shekara bakwai.

Abin da ya sauya, wanda kuma yawancin masu shago ba za su gaya maka ba, shi ne wannan tazara ta fara cikewa. A 2025 Samsung ya miƙa irin wannan alkawari ga Tab S10 FE, wanda ke ajin matsakaita. Bugu da ƙari, daga ranar 20 ga watan Yunin 2025 Tarayyar Turai ta fara aiki da wata doka da ta wajabta wa duk mai sayar da sabuwar waya ko tabilet a ƙasashenta ya ci gaba da sabunta manhajarsa aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, ya kuma tanadi kayan gyaransa har shekara bakwai. Dokar ba ta hau kan kayan da ake lodowa daga Dubai ko Guwanzu zuwa kasuwanninmu ba, amma samfurin da ake sayarwa a Turai da nan baki ɗaya yakan ci albarkacinta. Abu guda da ya kamata a kiyaye: alkawarin kamfani daga shekarar da samfurin ya fito ake ƙirga shi, ba daga ranar da ka saya ba. Tabilet na 2023 da ya kwana biyu a kan kanta, ko da yana cikin kwalinsa, ya riga ya ci wani ɓangare na rayuwarsa.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damunmu, wato zafi. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an yi iPad ne domin a yi aiki da shi a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu ma'aunin kan haura 40 a inuwa, balle a rumfar kwano, balle a gaban motar da ta kwana a layi tana jiran lodi. Batirin da ke cikin waɗannan na'urori duka, mai tsada da mai araha, jinsi ɗaya ne, kuma zafi ne babban maƙiyinsa, musamman idan ana caji ana aiki da shi a lokaci guda. Dokar Turan nan da muka ambata ta ce batir ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Mai cika shi kullum yana ƙarar da shi, caji 800 ɗin nan shekara biyu ce da 'yan watanni. Ke nan wanda ya sayi na'ura da niyyar shekara bakwai, ya sani cewa sai ya canza batir aƙalla sau ɗaya a hanya. Ga kuma matsalar wuta. Ba mu manta ba yadda Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. A ƙauyuka da dama kuwa, da ma can da janareto ko faifan hasken rana ake caji, a wurin mai cajin kuɗi, da cajar da ba a san asalinta ba. Irin wannan wuta mai hawa da sauka ba ta jin kunyar na'urar jika 600.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ta fi kowace: in ya lalace, wa zai gyara? Tabilet a kasuwa yake yini, cikin ƙurar hunturu, kusa da mai da ruwa, yara na ja, kuma gilashinsa faffaɗa ne, faɗuwa ɗaya ta isa. Mai gyara a Madawa ko Ƙwanni ko Maraɗi abin da yake da kayansa yake iya gyarawa, kayan gyaran kuwa galibi daga Kano suke zuwa, daga kasuwannin waya irin su Farm Centre da Titin Beirut. Gilashi da batir da bakin caji na matsakaitan Samsung da na Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk ukun kamfanin Transsion na ƙasar Sin ne ke yin su, sun fi saurin samuwa saboda yawan masu riƙe da su. Gilashin manyan na'urori kuwa, a manne yake da abin da ke nuna hoton, sai a canza su tare, kuma kuɗinsa kaɗai na iya sayen sabon matsakaici. Idan muka tuna cewa iyakar Nijar da Nijeriya ta kasance a rufe tun daga ƙarshen Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, za mu gane cewa na'urar da sai an yi mata odar kaya daga nesa tana iya yin watanni a cikin akwati. Game da ƙura da ruwa ma, tsada ba ita ce kariya ba: Tab S9 FE, matsakaici, yana da shaidar kariya ta IP68, alhali Apple bai ba wa iPad irin wannan shaida ba.

Akwai kuma wani tarko da mutane da yawa ke faɗawa. iPad ba ya kiran waya ta layi kamar salula, ba kuma a danna masa lambobin nan masu tauraro da ake duba kuɗi ko a tura su ta Airtel Money da makamantansu. Sababbin da suka fito tun daga 2024 ma ba su da ramin sa sim, sai dai layin da ake shigarwa ta intanet. Shi kansa WhatsApp bai samu manhajarsa ta iPad ba sai a watan Mayun 2025, shekara 15 bayan fitowar iPad na farko. Su ma tabilet na Android kala biyu ne, mai shiga layi da wanda sai da wayifai, kuma a ido ba su da bambanci. Ga wanda ke yawo tsakanin Bangi da ƙauyukan kan iyaka, wanda ba ya shiga layi madubi ne kawai. Batun 5G kuwa kada ya sa a ƙara ko tamma, tunda 4G ɗin ma ba ko'ina rezonsa ke kaiwa ba.

Kada kuma a ɗauka muna cewa a runtuma wa kowane mai araha. Tabilet marar suna, mai kwali mai ƙyalli da aka rubuta masa girman ma'ajiyar da ba shi da ita, asara ce tsagwaronta. Haka nan tsohon iPad na hannu da ake kawowa daga Turai, wanda farashinsa ke jan hankali: wataƙila batirinsa ya gaji, shekarun sabuntawarsa sun kusa ƙarewa, wani ma a kulle yake da asusun mai shi na farko, ba mai iya buɗe shi. Masu cewa a tsallaka Kano ko Sakkwato a sayo tunda naira ta faɗi, su ma su yi lissafi. Gaskiya ne naira ta zube daga wajen 460 a dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, amma kayan da aka shigo da su da dala, da dala ake sa musu farashi. Mai sefa na cin ribar canji a kan kayan da aka yi a Nijeriya, ba a kan tabilet ba.

Ga iyayenmu mata, musamman masu adashi da 'yan ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara da aka faro a yankin Maraɗi tun 1991, shawararmu ita ce kada a kwashe ɗauka guda cur a zuba wa na'ura. Hajiya mai sayar da zannuwa a gida, idan salularki mai kyau ce tana ɗaukar hoto sosai, wataƙila ba ki ma buƙatar tabilet a bana. In kuma buƙatar ta kama, to a bar rabin kuɗin a cikin kaya. Sannan kowa ya san halin da yankin Bangi ke ciki, inda 'yan uwanmu daga jihar Sakkwato suka yi gudun hijira saboda 'yan bindiga. Abin da mutum zai riƙa yawo da shi a irin waɗannan hanyoyi, gara ya zama wanda in ya salwanta ba zai durƙusar da shago ba. Don haka ma kada littafin bashi na takarda ya yi ritaya, kuma a sa wani yaro mai ilimi ya haɗa na'urar da asusun ajiya na intanet tun ranar farko.

Akwai waɗanda babban ya dace da su: mai zanen gine-gine, mai haɗa bidiyon biki, ko babban ɗan kasuwar da ke da ofishi mai sanyi a Yamai da mai gyara a kusa. Su sana'arsu ce ke biyan kuɗin. Sauranmu kuwa, ranar saye a tafi da layi a aljihu, a sa shi a gaban mai shago, a kira wani a ji, a buɗe WhatsApp a tura hoto. A tambayi shekarar da samfurin ya fito, a kuma leƙa wurin mai gyaran unguwa a ji ko yana da gilashinsa da batirinsa da nawa yake sa su. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, sannan daga cikin canjin da ya rage a sayi riga mai kauri, da gilashin kariya, da caja ta asali.