Wane Kayan Girki Ne Ya Ci Kuɗinsa?

Duk wanda ya leƙa ɗakin amarya a cikin birnin Kano a yau zai tarar da na'urorin girki jere, galibi da bashi aka sayo su. Shin guda nawa ne daga ciki suke cin kuɗinsu? A ganina, da abu uku ake auna kayan girki: yawan aikinsa, ƙarkonsa, da sauƙin gyaransa.

Bisa wannan ma'auni, turmi da taɓarya su ne a gaba. Da su ake surfen gero da kirɓin fura da dakan yaji, kuma turmin kirya uwa kan bar wa 'yarta gado. Na'urar markaɗe kuwa, da zarar an ɗauke wuta sai ta koma kayan ado. Haka madambaci da tandar waina da muciya, duk ana samun su da sauƙin kuɗi a Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa.

Daga cikin baƙin kaya, murhun gas ya cancanci tsadarsa. Gidajen cikin ganuwa a cunkushe suke, hayaƙin itace ba ya samun mafita, sai ya ƙare a idanu da huhun mai girki. Kuɗin da ya raba mace da wannan cuta ba asara ba ne.

Saboda haka ina kira ga iyaye, kafin su ci bashin jere, su ware abin da amarya za ta taɓa kullum daga abin da 'yan ganin ɗaki za su yaba rana ɗaya.