Asiransi: arha ba ta ado

Mu 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya mun ɗauki asiransi, wato inshora, takardar nuna wa jandarma kawai.

A Janairun 2023 hukumar NAICOM ta Nijeriya ta ɗaga kuɗin inshorar ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar ɓarnar dukiyar wani kuwa daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Sai wasunmu suka koma sayen jabu a bakin tasha.

To, ranar da direba ya banke shagon wani, wa zai biya? Jarinmu ne zai tafi. Mu kuma sani, ko ta gaskiyar ba ta biyan motarmu ko buhunan da ke ciki. Kaya na da tasu daban.

Mu taka da ƙafarmu zuwa ofishin kamfani, mu karɓi rasit.