Kukan Hanya A Takarda Ake Yinsa

'Yan'uwa manoma, duk shekara da rani mukan zagaya ƙungiyoyinmu na ƙasar Haɗejiya, kuma ko'ina muka sauka maganar ɗaya ce: hanya. A wani ƙauye na bakin fadama mun tarar da kwandunan tumatir jere a gindin tsamiya, kwanansu biyu, domin kwalbatin da ke tsakanin garin da babban titi ya rufta tun cikin damina, mota ba ta shiga. Kafin a kwashe su da amalanke da yawa sun ruɓe, sauran kuwa dillali ya saya yadda ya ga dama. Muka tambayi shugaban ƙungiya, "Baba, kun kai kuka?" Ya ce, "Ai Malam, kowa ya sani." Muka ce, "Kun rubuta?" Sai aka yi shiru.

Wannan shirun shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Mun iya kuka a gindin bishiya da bakin kasuwa, amma ofis ba ya jin maganar gindin bishiya. Abin da ba ya cikin fayil, a wurin ma'aikata bai faru ba.

Kowa ya san ƙasarmu ba ta yi wa hanya sauƙi. Shimfiɗaɗɗiya ce, ga laka, ruwa kuwa idan ya zo sai ya kwanta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗejiya ta sake, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, har ruwan yakan bi inda bai saba bi ba. Ba mu manta ambaliyar 2018 da ta 2020 ba, balle ta 2022, lokacin da mutanen gari suka fito da buhunan ƙasa suna tare jinga. Hanyar da ruwa ke ci duk shekara, duk shekara take neman mai yi mata magana.

Abu na fari, mu san hanyar wane ne. Akwai ta Gwamnatin Tarayya, akwai ta Jiha, akwai kuma ƙananan hanyoyi da ke haɗa ƙauye da kasuwa, da titunan cikin gari da lambatunsu. Waɗannan na ƙarshe, Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora gina su da kula da su a wuyan ƙaramar hukuma. Masarautar Haɗejiya tana da ƙananan hukumomi 8: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kirikasamma. Kowace tana da sashen ayyuka, kowace mazaɓa kuma tana da kansila. Idan muka aika kukan titin tarayya zuwa sakatariya, ko kukan lambatun unguwa zuwa Dutse, mun ɓata takarda.

Na biyu, takardar ta faɗi abu takamaimai. Kada mu rubuta "hanyarmu ta lalace, a taimake mu." A ambaci daga ina zuwa ina, da wurin da ya karye, da watan da ya karye, da tsawonsa ko da da taku aka auna. A faɗi ƙauyuka nawa ke bin ta, da irin amfanin da ke fita ta kanta, shinkafa ce, ko alkama, ko tattasai, ko kifi. Idan an taɓa rasa hanyar kai mai naƙuda asibiti, a faɗa, amma kada a ƙara gishiri. A ɗauki hoto da waya. Sa'an nan a roƙi abu ɗaya da za a iya yi, kamar kwalbati ɗaya ko cikon tsakuwa. Mai neman kwalta tun daga ƙofar gidansa har birni yakan dawo hannu rabbana.

Na uku, kada ƙungiyarmu ta tafi ita kaɗai. Rami ba ya tambayar addinin direba. A nemi sa hannun mai unguwa da dagaci, da limami, da masunta, da makiyaya, da 'yan ƙungiyar direbobi, a kuma sanar da hakimi. Mutum uku ko huɗu su kai ta sakatariya da sunan ciyaman, a ba kansila tasa. A roƙi magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za mu riƙe. Bayan wata guda a koma, da ladabi, da kwafin a hannu.

Na huɗu, a lura da lokaci. Wajen ƙarshen shekara ake tsara kasafin kuɗi, da rani kuma ake aikin hanya. Takardar da ta isa da kaka ta fi samun shiga. Wanda ya jira har ruwa ya sauka, laka zai nuna wa injiniya.

Wani zai ce, "Ai kullum cewa suke babu kuɗi." Wani lokaci gaskiya ne. Amma mu tuna, a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Mu ma muna biyan kuɗin shiga kasuwa. Tambayar abin da aka tanada don hanyarmu ba rashin kunya ba ne, haƙƙinmu ne.

Sai dai mu ma da namu laifin. Su wa ke zuba shara a lambatu? Su wa ke nome kafaɗar hanya, ko su yanka ta don jan ruwa zuwa gona? Kafin mu kai takarda, mu yi gayya mu yashe kwalbati, mu cike ƙananan ramuka, mu kuma rubuta a ciki cewa mun yi. Mai kama da nasa hannun shi ake taya ɗaukar kaya.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya, a taronta na gaba, ta zaɓi hanya ɗaya da mutum uku, sakatare ya zo da biro da takarda. Wanda rubutun ya yi wa wuya, ya tare mu ranar da muka zo zagaya, mu zauna mu rubuta tare.